Lissafi a Bayan Rasit

Motar tawa ce.
Sau uku na faɗa wa maigadin kamfani
kafin ya ɗaga ƙarfen ƙofa.
Filin gadona na Bukuru na sayar na saye ta,
tsohuwar tirela 'yar Kwatano,
amma sunan da ke jikin ƙofarta ba nawa ba ne.
Da shuɗin fenti suka fesa shi,
kuɗin fentin ma a jikina aka cire.

A takarda abin da daɗin karatu:
Jos zuwa Legas, buhu ɗari shida na masara,
miliyan biyu da dubu ɗari huɗu.
Ranar da na sa hannu har tsire na kai gida.

Madam Kangyang, akawun ofis,
ba ta ɗaga kai in tana danna lissafi.
Kashi ashirin na kamfani ne, ta ce,
shi ke fara sa hannu a akushi.
Sai inshora.
Sai 'yar na'urar da suka liƙa ƙarƙashin kujera
don su san inda na tsaya na yi la'asar.
Sai gas ɗin da suka zuba mini bashi
a farashin da ko gidan mai zai ji kunyarsa.

Abin da ya saura, hanya ke jira.
Hanya ba ta da ofis, baki gare ta:
mai katako da ƙusoshi a Akwanga,
mai rasit ɗin ƙaramar hukuma,
da na gaba da shi, mai cewa wancan jabu ne.
A gangaren Hawan Kibo birki na kuka
ni kuma ina fassara kukan zuwa naira.
Nanfa, yaron motata, ya yi tsit,
shi da Yesunsa, ni da Hasbunallahu.

Taya goma sha takwas gare ta,
kowace da ranar ajalinta.
Ta baya ta hagu ta cika a Lokoja, da azahar,
ta tafi da kuɗin makarantar Sa'ade
na zango biyu.

Kwana biyar a layin sauke kaya.
Ba a biyan kuɗin jira, yana cikin yarjejeniya,
shafi na bakwai, ƙananan baƙaƙe.
Inji a kashe, ciki a kunne.
Na juyo Arewa ba lodi,
iska na ɗauko tun daga Ibadan,
iska kuwa ba ta sayen mai.

Yaushe za a biya?
Sai kuɗin ya yi arba'in, kamar mai jego,
ya ƙara kwana biyar na ganin dangi.

Yanzu ga ni a Mararrabar Jama'a,
sanyin Filato na shiga ta hannun riga.
Tanimu mai shayi ya ara mini biro.
Na juya bayan rasit, na tara, na ɗebe,
na sake, ko Allah zai sa na yi kuskure.
Ban yi ba.
Dubu tamanin da bakwai.
A ciki akwai haƙƙin Nanfa,
akwai baƙin mai, akwai bakaniken da ke gaishe ni
da irin gaisuwar da ba ta neman amsa.

Direban albashi ya wuce, yana sakace.
Ranka ya daɗe mai mota! ya ce.
Na ɗaga masa hannu.
Shi in ta lalace barci yake yi.

Waya ta yi ƙara. Akwai lodin Anacha gobe.
Na ce to
kafin in tambayi nawa.

Da asuba raɓa ta rufe ƙofar.
Ƙarƙashin shuɗin sunansu
na sa yatsa na rubuta Ilu Garga,
Nanfa yana kallo, bai ce komai ba,
ya zare katakon da ke tare taya.
Kafin mu kai Riyom rana ta shanye shi.